Ranar da Aka Buɗe Madatsa

A kan ƙyauren ɗaki suka ɗauko tsoho mai fito, laka har cikin kunnuwansa. Tela ne ke riƙe da wajen kai, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su shekara ashirin.

Shekara huɗu ke nan da aka datse kogin, aka karkatar da shi gonar raken surukin shugaban hukumar ruwa. Da fito ya mutu, tsohon ya kife kwalekwalensa, ya bi mutane noman albasa a cikin busasshen kogin. Tela kan tsokane shi wai ga kada sarkin ruwa ya koma ƙadangare, shi kuma ya yi dariya ya ce ciki ba ya tambayar sana'a.

Da safiyar nan madatsa ta cika har tana neman cinye rake, sai aka buɗe ƙofofinta, ba shela, ba jiniya. Masu ƙafa suka tsere. Tsohon yana sunkuye, ga kunne ya yi nauyi. Kafin azahar an sake rufewa, ruwan ya wuce abinsa.

A tsakar gida 'yarsa ta murɗa famfo, ko ɗigo. Kwana tara rabon unguwar da ruwa, ga gawa tana jiran wanka. Tela ya ɗauki jarka biyu ya nufi gonar.

Mai gadi ya ce ruwan magudanar gonar na kamfanin rake ne, sai da takarda. Suna cikin haka motar manaja ta tsaya, ya sauke gilashi rabi. Tela ya cire hula ya yi bayani.

"Ai mun kafa allo," in ji manaja. "Doka ta hana noma a cikin kogi."

"Ranka ya daɗe, Baba bai iya karatu ba."

"Mai fito kuma ruwa ya ci shi? To da can ma sa'a yake yi."

Direba ya yi dariya, gilashi ya koma sama.

Tela ya gangara kogi, ya kwalfi abin da ya rage a cikin ramuka, ja wur. Ya kawo, 'yar ta tace da mayafinta sau biyu, bai washe ba. Ta tura bokitin gindin katanga, suka zauna suna jiran laka ta kwanta.