Kyandir ɗin Kaka Radoje

"Mama, nan ma za mu bar Kaka ne ya ƙi dawowa, kamar karenmu da muka kai wa likita?"

Dunja ta yi tambayar da iyakar muryarta, a tsakiyar ofishin shugabar gidan tsofaffi. Biljana ta ji kamar ta nutse. Ta ja hular 'yarta ta rufe mata kunnuwa, ta ce, "Ai karen tsufa ya yi."

"Ni kuma jariri ne," in ji Kaka Radoje, surukinta, yana dogare da sandarsa.

Shekarunsa tamanin da ɗaya, arba'in daga ciki a jirgin ƙasa ya yi su yana duba tikiti. Sau biyu ke nan yana ɗora wake a wuta ya tafi hira, na biyun har labule ya kama. Ɗansa, mijin Biljana, yana can Jamus yana jan babbar mota. Hutun Biljana daga kantin magani zai ƙare ranar Litinin, yau kuwa Juma'a, kuma ba za ta bar tsoho da murhu su kaɗai a gida ba. Gida shida suka duba, duk ya ƙi. Wannan ne na bakwai, na ƙarshe a garin Niš da ke da gadon da ba kowa.

Ba abinci yake dubawa ba, ba kuma katifa ba. Promaja yake nema, iskar nan da ke ratsawa idan aka bar taga da ƙofa a buɗe lokaci guda. Kowa ya san aikinta: ta karkatar da baki, ta sanƙarar da wuya, ita ce ma ta kashe kawunsa a wurin biki. Biljana ba ta musu, ta sayar wa mutane da yawa man zafi a kanta. Matsalar ita ce yadda yake gwajin. Siririn kyandir na coci yake kunnawa a tsakiyar ɗaki, harshen wutar na karkata, sai ya ce, "Tashi mu tafi, 'yata. Nan mayanka ce."

Shugabar gidan, Uwargida Zorica, a Suwidin ta yi karatu. Tana kai su ɗaki na sha biyu tana cewa, "Iska mai tsabta rabin lafiya ce." Wani tsoho da ke zaune a baranda cikin bargo biyu ya bi ta da harara.

Kaka Radoje ya rufe ƙofa, ya ƙyasta ashana. Wutar ta tsaya ƙyam kamar soja. Biljana ta fara lalubar biro a jaka don ta sa hannu.

"Dakata. Ta sama take shigowa, munafuka."

Ya ɗiga kakin a kan sandarsa, ya manna kyandir, ya ɗaga shi har rufi, daidai ƙarƙashin wani farin abu mai ƙyafta jan ido.

"Baba, wannan abin..."

Ashe na'urar gano hayaƙi ce. Jiniya ta ɓarke. Ƙofofin gidan duk suka buɗe da kansu. Zorica ta bi baranda da gudu tana wangale tagogi, tana ihu kowa ya fita tsakar gida. Iska ta shigo ta gabas ta fita ta yamma, labulaye suka miƙe a kwance. Biljana ta cire kwat ɗinta ta naɗe Dunja tun daga kai har gwiwa, ta cusa ta bayan kujera, ta tsaya a gabanta.

Tsofaffi talatin suka leƙo, ba wanda ya taka barandar.

"Ku fito, gobara!" in ji Zorica.

Wata tsohuwa a keken guragu, Jelisaveta, ta riƙe bakin ƙofarta da hannu biyu. "Gara wutar, yarinya! Wuta ai ana ganinta!"

A nan Kaka Radoje ya miƙe, muryar jirgin ƙasa ta dawo masa. "Kai mai gashin baki, tagar hagu! Ke mai jan silifa, bar kuka, kama ƙofar kicin! Malam mai bargo, kujera a bayan waccan!"

Mutanen da likita ya ce kada su sunkuya suka sunkuya. Wani ya jefar da sandunansa biyu ya kai wa sakata cafka. Kafin jiniyar ta yi shiru, babu ko hudar da sauro zai bi, har da safa aka toshe ƙarƙashin ƙofa. Sai tafi ya tashi.

Zorica ta dawo gashi a hargitse. "Ki yi haƙuri, Uwargida Biljana. Mutum mai yawo da wuta a aljihu, ba za mu iya ba."

 Biljana ta hango Litinin, ta hango wake.

Jelisaveta ta turo kekenta har kan ƙafar shugabar. "Shekara biyu muna roƙon a rufe tagar nan kina mana labarin Suwidin. In bawan Allahn nan ya tafi, mun daina cin abinci."

"Ban da kek," wani ya ce daga baya.

"Ban da kek."

Kaka Radoje ya dubi taron, ya gyara wuyan rigarsa. "Ɗakin bai yi mini ba," ya ce. "Amma mutanen nan marayu ne, ba mai lura da su. Zan zauna, 'yata."

Zorica ta dubi fuskoki talatin, ta yi ajiyar zuciya, ta miƙa hannu. Ya ba ta ashana. Ta ci gaba da miƙawa. Ya zaro kyandir goma sha ɗaya daga aljihu, da ɗaya daga safa, sannan aka sa hannu a takarda.

Ranar Litinin da safe Biljana ta kawo akwatinsa kafin ta wuce aiki. Ta tarar da Zorica wuya a karkace, sai ta juya dukan jikinta take iya gaisawa. Wai matashin kai ne ya jawo mata. Biljana ta ajiye mata man zafi a kan tebur.

To, mai karatu, dariya dai a yi, amma Zorica kwana tara ta yi tana kallon bango. In ka je duba wa tsohonka gida aka tsayar da kai tsakanin taga da ƙofa, kada ka ji kunyar kowa. Rufe ɗaya tukuna, sannan ka yi gaisuwa.