Kujera Mai Gajeriyar Ƙafa

"Ba zai shiga ba," in ji direban motar asibitin, yana share gumi. "Sai dai mu karkata gadon."

"Ku karkata shi da mutum a kai?" Kafinta ya ture shi gefe, ya zaro sukudireba daga aljihu ya fara kwance ƙyauren ɗakin.

Daga kan gadon, da robar iska a hanci, Tica ya buɗe ido ɗaya. "Tun ranar da ka sa ƙofar nan na gaya maka ta yi ƙunci."

"Ai ban auna ta da gadon asibiti ba. Ka yi shiru ka ji da numfashinka."

Aka jingine ƙyauren a tsakar gida, aka tura gadon har gindin taga. Auta, 'yar Tica ta ƙarshe, wadda ita kanta nas ce, ta jona injin iska, ta gyara wa mahaifinta matashi, ba ta yarda ta haɗa ido da kowa ba. Kowa a layin ya san abin da ake nufi idan likitoci suka ce a koma da mutum gida ya huta.

Tica ya koyar da kimiyya a sakandare har ya yi ritaya. Tsofaffin ɗalibansa, waɗanda yanzu wasunsu suna da jikoki, har yau Ina Hujja suke ce masa a bayan ido, saboda kalmar ba ta barin bakinsa. Ko cewa ka yi za a yi ruwa, sai ya tambaye ka hujja. Game da Allah ma haka yake. "Ban ce babu ba," yakan ce, "cewa na yi a nuna mini." Mutanen layi sun yi nasiha sun gaji, wasu sun daina gaishe shi, daga baya suka dawo, domin shi ne mai kai matansu asibiti a tsohuwar motarsa, shi ne mai koya wa 'ya'yansu lissafi. Kafinta ne kaɗai bai gaji ba. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma tun gashinsu yana baƙi suke musu ɗaya kowace yamma a gindin mangwaron ƙofar gida, da butar shayi a tsakaninsu.

Kujeru biyun da suke zama a kai Kafinta ne ya ƙera su. Tasa daram take. Ta Tica kuwa ƙafa ɗaya ta gaza, da an motsa sai ta buga ƙasa, ƙwas. Tica ya riƙe wannan a matsayin shaida cewa mai ƙira yana kuskure. Kafinta ya rantse da gangan ya yi, wai mai shakka bai cancanci zama daram ba. Saboda wannan gardamar aka shekara da shekaru ba a gyara ƙafar ba.

Suna da doka ɗaya, wadda Tica ya kawo daga aji. Idan musu ya yi zafi, sai a yi musayar kujera. Wanda ya hau mai girgiɗi dole ya kare shakka, wanda ya hau mai ƙarfi dole ya kare imani, kuma da zuciya ɗaya, ba wasa-wasa ba. Ranar da Kafinta ya fara hawa ta Tica, da aka tashi sai da ya zagaya ta bayan layi kafin ya shiga gida, don tazarar da ke tsakanin ƙofofinsu ba ta isa istigfarin da yake bukata ba. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, Tica ya fi shi iya kare imani. Yakan kawo taurari da ƙwayar ido da yadda jariri yake sanin nono, har sai Kafinta ya ji hawaye, sannan ya miƙe ya koma kujerarsa ya ce, "To, yanzu bari in rushe abin da na gina."

Washegari da hantsi Auta ta tare Kafinta a ƙofar kicin. Idanunta sun kumbura.

"Baba Kafinta, ni na san abin da injin nan yake faɗa. Ba sauran kwanaki da yawa." Ta matso kusa da shi. "Jiya na yi masa kalmar shahada a kunne. Ya yi murmushi ya ce mini, ina hujja. Wasa yake yi da ni, na sani, amma idan a kanta ya cika fa? Kawuna ya zo yi masa nasiha, babana ya yi kamar yana barci. Kai kaɗai yake saurara."

"Ni? Ni da bai taɓa yarda da ni ba ko a kan ranar da za a yi ruwa?"

"Don Allah, Baba."

Kafinta ya koma shagonsa ya zauna a cikin ƙurar katako, bai taɓa ko guduma ba. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba tun rasuwar matarsa. Ya san mutumin nan ciki da bai. In ka ce masa gabas, yamma zai nufa, ko da numfashinsa na ƙarshe ne. Idan ya je ya ce masa ya faɗa, to shi da kansa ne zai sa masa musu a baki ya tafi da shi. Yana cikin wannan tunanin ya hango kujerun biyu a gindin mangwaro, ganye ya taru a kansu.

Bayan la'asar ya shiga ɗakin ɗauke da kujera mai gajeriyar ƙafa. Ya ajiye ta a gefen gado, ya yi bisimilla a ransa, ya zauna. Ƙwas.

Tica ya juyo da kai a hankali. Fuskarsa ta zabge, amma idon nan na aji yana nan. "Ka hau kujerata."

"Na hau. Kare kanka." Kafinta ya gyara murya. "Ba wanda ya taɓa ganin Allah. Abin da ba a gani, ba a aunawa, ba a taɓawa, don me zan yarda da shi?"

"Ka fara da mafi rauni, kamar kullum." Tica ya ja numfashi, injin ya taya shi. "Iskar da ke shiga hancina ka gan ta? Cire robar mana mu gani ko babu ita."

"Iska ana auna ta. Ga agogonta nan a jikin inji."

"Madalla, ka yi karatu." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Auta ta leƙo, ya ɗaga mata yatsa ta koma. "Ma'auninmu yana da iyaka, Kafinta. Na koya wa yara yadda zuciya take bugawa, na zana musu ita a allo da jan alli da shuɗi. Ba wanda ya taɓa tambayata don me take bugawa. Da wani ya tambaya, da na ce ya zauna, ba ya cikin manhaja."

Kafinta ya shirya tambayoyinsa tun daga shago, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake jera ƙusa a leɓe. Amma da ya buɗe baki, wata daban ce ta fito.

"To ina yake ranar da maman yara take kwance? Na roƙa. Goshina ya yi kanta. Mace ce da ko kaza ba ta taɓa zagi ba, ta yi ta kiran sunansa har muryarta ta tafi. Ina amsar?"

Muryarsa ta karye. Kujerar ta buga ƙasa. Bai taɓa faɗin wannan ba ko a wasa, kuma ya ji a jikinsa cewa ba kujerar ce ta sa shi ba.

Tica ya dube shi. Sannan ya miƙo hannu, busasshe, mai tabon allura, ya dafa gwiwarsa.

"Ina wurin. Ni na kai ta. Likita ya faɗi sunan ciwon, ni kuma na zaunar da kai a baranda na yi maka bayani tiryan-tiryan, har da zane a bayan hannuna. Ya amfane ka da me?" Ya huta. "Ba komai. Na ga ka shimfiɗa darduma a bayan motata, ka tashi ka iya shiga ka gaya wa yaranka. Ni da bayanina ko ƙofar ɗakin na kasa kaiwa. Ban san ina amsarka take ba. Amma na ga abin da ya ɗaga ka a ranar, kuma ba ni da ma'aunin da zan sa masa."

Kafinta ya goge fuska da hular da ya cire. Sai da ya yi ta maza kafin ya tuna abin da ya kawo shi.

"To, in ma akwai," ya ce, "wa ya ce ɗaya ne? Wa ya kawo labarin?"

Leɓen Tica ya motsa. "Tsohon banza. Tarko ka ɗana mini. Kai da Auta kuka haɗa baki."

"Amsa za ka ba ni ko ka sallama?"

"Ni in sallama maka?"

Ya lumshe ido. Injin yana ta hucinsa, a waje mai sayar da ruwa yana buga ƙarfen kurarsa. Kafinta ya ɗauka barci ya kwashe shi. Sai ya ji ta, a hankali, kalma bayan kalma, ba tuntuɓe: kalmar shahada, tun daga farko har ƙarshe.

Kafinta ya sunkuyo har gemunsa yana taɓa zanin gado. Ya san bai kamata ya tambaya ba, amma shekarun da ya yi da mutumin nan sun ɓata shi.

"Daga wace kujera ka faɗa?"

"Ka ga kujera a ƙarƙashina?" in ji Tica, ido a rufe. "Tafi ka mayar mini da ƙofata, iska tana damuna."

Bai sake magana ba. Washegari, rana ta ɗan ɗaga, Auta tana riƙe da hannunsa, rai ya yi halinsa. Ita da kanta ta kashe injin, ɗakin ya yi wani irin shiru da Kafinta ya jiyo har ta katanga.

Jama'ar da ta taru ta ba kowa mamaki. Tsofaffin ɗalibai suka cika layin, masu furfura da masu tumbi, suna ba da labarin yadda ya taɓa ƙona girarsa a ɗakin gwaji, suna dariya suna share ido. Da aka watse, Auta ta same shi yana mayar da ƙyauren.

"Baba Kafinta, na ji daga ƙofa. Ya faɗa." Ta dube shi. "Amma na san wasanku na kujera. Da gaske yake?"

Kafinta ya ɗaure ƙusar ƙarshe, ya buɗe ƙyauren ya rufe, ya ga ya zauna daidai.

"Na tambaye shi, 'yata. Kin san babanki, bai taɓa ba ni amsa a miƙe ba. Abin da kunnena ya ji shi zan shaida. Sauran yana wurin Wanda ya ji abin da ni ban ji ba."

Da yamma ya mayar da kujerar gindin mangwaro, ya share ganyen da ke kan ɗayar. Ya zo da ɗan guntun katako da ya fere daidai tsawon da ƙafar ta gaza, aikin da ba zai ci masa komai ba. Ya durƙusa, ya ɗaga ƙafar, ya gwada. Ya shiga cif. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya zare shi ya jefa a aljihu.

Ya zauna a tasa, ya zuba shayi. Yara suna dawowa daga makaranta, suna gaishe shi suna wucewa. Ya miƙa ƙafa ya ɗan taɓa kujerar da ba kowa a kai, ta karkata ta buga ƙasa, ƙwas, kamar yadda take yi duk lokacin da Tica zai fara magana. Kafinta ya riƙe kofinsa yana jira, shayin yana hucewa.