Ranar da Kujerun Aji Suka Koma Hannun Baƙuwa

Malama ta san cewa yau ce ranar ƙarshe da aka ba darasinta. Hedimasta bai ɓoye mata ba. Makon jiya muhawarar da ta shirya kan rabon ruwa ta ƙare da fasa wa yaro leɓe, abin kunya a darasin da ake kira na zaman lafiya. "In aka sake ko da tura juna ne, Malama, an rufe shi, a mayar da lokacin ga lissafi," in ji shi. Ga shi yanzu a bakin taga, hannu a baya, fuska ba annuri.

Ita kuwa da taurin kai irin nata, sai ta zo da wasan kujeru. Aka tara kujerun ajin a gaba, aka ja ƙuri'a. Wanda ya ci zai riƙe su kaf, kamar yadda 'yan ƙalilan suke riƙe da arzikin duniya, sauran su tsaya su nemi mafita da baki.

"Ni ba zan sa baki ba," ta ce. "Ku za ku daidaita."

Ƙuri'a ta faɗa kan Baƙuwa. Yarinyar ta zo ne a tsakiyar zango, bayan faɗa ya kore su daga garinsu, kuma ba a taɓa jin muryarta a aji ba. Ta taso daga can baya, ta zauna a kujerar tsakiya, ta ɗora hannu a kan na gefe.

"To, 'yar'uwa, a raba mana," in ji Monita yana dariya. Ƙato ne, shi ya fasa leɓen nan.

"A'a."

Dariyar ta tsaya masa a wuya. "Kamar yaya a'a? Wasa ne fa."

"Na sani. Ku tsaya. Tsayuwa ba ta kisa."

Ajin ya ɗauki gunaguni. Wata ta ce ƙafarta na ciwo, wani ya ja tsaki ya ce daga zuwa sai mulki. Monita ya matso ya kama ƙafar kujera ɗaya, Baƙuwa ta danne ta da tafin hannu. Ba wanda ya ja, ba kuma wanda ya saki. Malama ta ɗaga ƙafa za ta shiga tsakani. Kalma ɗaya za ta kashe wasan, amma in ta faɗe ta, ta nuna wa Hedimasta da bakinta cewa yaran ba su iya sulhu sai da tsawa. Sai ta tsaya inda take.

"Sake ta," Monita ya ce ƙasa-ƙasa.

"Kana so? Je ka zauna a wurina tukuna."

Duk aka waiwaya, har da Malama. A lungun bayan ƙofa, kusa da tsintsiya, wani tsohon bokitin fenti ne a kife, da jakar yarinyar a jingine. Malama ta yi ta kallonsa. Kullum tana shiga ajin nan tana zuba bayani kan adalci tsakanin ƙasashe, idonta bai taɓa sauka a lungun ba.

Monita ya dunƙule hannu, jijiyar wuyansa ta tashi. Hedimasta ya bar taga ya nufo ƙofa. Shi ke nan, Malama ta ce a ranta, lissafi ya ci.

Sai yaron ya saki kujerar. Ya taka zuwa baya yana huci, don dai a ga ba tsoro yake ji ba, ya zube a kan bokitin. Gwiwoyinsa suka kai masa haɓa. Ba wanda ya yi dariya. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya miƙa wuya.

"Malama," ya ce, muryarsa ta sauya, "ai daga nan ba a ganin allo."

Baƙuwa ta tashi ta fara tura kujerun ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ja tasa ba hayaniya, har ta Monita kaɗai ta rage, ita kuwa ta bar masa abarsa tana tsaye. Ta je ta tsaya a gaban Monita tana jira ya ba ta wurinta, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ƙi tashi.

Hedimasta ya shigo. Ya dubi yaron, ya dubi bokitin. "Darasinki zai ci gaba," ya ce a hankali. "Amma Malama, tun yaushe yarinyar nan take zama a kan wannan?"

Malama ta dubi bokitin. Kunya ta rufe ta. Ta ɗauko kujerarta ta malamai da hannu biyu, ta ratsa tsakiyar aji ta ajiye a gaban yarinyar.

Baƙuwa ta dubi kujerar, ba ta zauna ba.

"Ta yau ce kawai, Malama," ta tambaya, "ko har gobe?"