Ƙwai a Bakin Zuma

Ƙwan ya fashe a bakin Zuma, gwaiduwa ta gangaro ta gefen leɓenta ta ɗiga a kan simintin saman bene. Baba Buraima yana durƙushe a gabanta, tafin hannunsa a buɗe ƙarƙashin haɓarta, bai ko janye shi ba. Ni kuwa ina can wajen tankin ruwa, wai ina shanya wando. Allah ya yafe mini, wani daɗi na ji ya ratsa ni har tafin ƙafa.

"Subhanallahi," in ji tsohon. "Zuma, mi ya same ki? Wata biyu ba ki hwasa ko guda ba."

Karyar ta tattaune ɓawon ta haɗiye, ta kaɗa wutsiya tana neman ƙari.

"Dalhatu, ka gani?"

"Na gani, Baba," na ce. "To, ai kare ne. Ba shi da haƙori ne?"

Ya ciro tsumma ya goge mata baki, sannan ya dafa bango ya miƙe a hankali yana haki.

Wani tsohon bene ne mai hawa uku a unguwar Manfuha, can ƙasar Larabawa, inda kafilinmu Abu Nawwaf, uban gidan da ya kawo mu aiki, ya zuba ma'aikatansa. Ni direbansa ne, shekara tara ina jigilar 'ya'yansa. Baba Buraima mutumin Tasawa ne ta ƙasar Maraɗi, shi ne harisin gidan, mai buɗe ƙofa da share matakala, kuma ɗakinsa yana kallon nawa. Ba mu taɓa samun saɓani ba. Shayinsa nake sha, ni nake karanta masa saƙon waya in ya zo da Larabci. Sai ranar da kafili ya iso da kwali a hannu, da kwikwiya a ciki.

Irin karnukan nan ne na Turawa masu kunnuwa a kwance, launinta kamar zuma. Ba a kamu da su. Aikinsu kawai in an harbo tsuntsu su je su ɗauko su kawo wa mai bindiga. Matar kafili ta ce ba za a ajiye mata kare a gida ba, shi ya sa aka kawo ta wajenmu.

"Wa ya san kare a cikinku?" kafili ya tambaya.

Kafin ya rufe baki na matso. Na gaya masa ubana mafarauci ne a ƙasar Ningi, karnukansa bakwai, a cikinsu na yi wayo. Na san yadda ake zaɓen kwikwiyo, na san yadda ake sa masa zuciya. Ina cikin zuba, 'yar banzar ta fito daga kwali, ta shinshina takalmina, ta wuce ni, ta je ta kwanta a kan silifas ɗin Baba Buraima. Mutumin da ko kyanwa bai taɓa kiwo ba.

Kafili ya yi dariya. "Halas," ya ce. "Ta zaɓa."

Kuma ni aka aika kantunan unguwar Ulaya sayo kayanta. Abin wuya na fata, doguwar igiya, kwanuka biyu, usur, tsuntsun roba na koyon ɗauko, wata riga mai ƙyalli don kada maharba su ɗauke ta dabbar daji, har da takalma huɗu saboda zafin yashi. Ni na ɗauko su, ni na hau da su bene. Aka gyara ƙaramin ɗakin da ke sama, aka sa masa sabon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai sanyi kamar asibiti, aka ce Baba ya koma can da tabarmarsa. Nawa mukayyif ɗin shekara uku yana tari yana tsiyaya a bokiti.

Rabilu magini, abokin ɗakina, bai bar ni na sha ruwa ba.

"Wai ni Dalhatu, da wa kake kishi ne? Da tsohon ko da karyar?"

"Ka kiyaye ni, Rabilu."

"In ɗakin kake so, ka fara haushi mana, ko a duba lamarinka."

Na yi dariyar yaƙe, amma abin yana cina. Duk la'asar sai in ji usur daga sama, da muryar tsohon: "Zamna. Ɗauko. Kawo, ɗiyata." Ɗiyata, wai! In na hau sai in tarar ta ɗora kai a cinyarsa, ta ɗago ido ta dube ni kamar wanda ya zo gyaran famfo.

Sharaɗin kafili ɗaya ne: kada haƙori ya taɓa tsuntsun. Baba Buraima ne ya ƙirƙiro dabarar ƙwai. Ya fara da dafaffe, ya koma ɗanye. Yakan ajiye shi a ƙarshen bene, ya busa usur, ta je ta ɗauko ta zauna a gabansa. Ba ta saki sai ya sa tafin hannu a ƙarƙashin haɓarta. Da kafili ya gani sai ya tafa hannu. Ya ce ranar Juma'ar farko ta shigowar sanyi zai dawo ya sake gwadawa. In ta kawo ƙwan lafiya, Buraima zai bi shi farauta sahara, shi da karyarsa. Sannan ya waiwayo ya dube ni.

"In ta fasa kuma, sai mu ba ɗan mafarauci ya gwada nasa."

Da wasa ya faɗa. Ni ban ɗauke ta wasa ba.

A garinmu ba a cewa kwikwiyo ya zama kare sai an ɗanɗana masa jini. Akan sakar masa wani ɗan abu mai rai ya kama ya yaga, a bar masa kayan ciki, daga nan zuciyarsa ta tashi. Haka ubana ya yi wa karnukansa bakwai. To duk Litinin Baba yana zuwa asibiti ganin likitan zuciya. Wata Litinin na kama tattabara a bayan tanki, na ɗaure mata fiffike, na buɗe wa Zuma ƙofa. Da farko ɗauko ta ta yi a hankali ta kawo mini. Na kama ƙafar tattabarar na ja, ita ma ta ja, na zuga ta, har ta datse. Na gaya wa kaina taimakonta nake yi, kare ba cizo ai tunkiya ne. Amma na san abin da nake yi. Litinin biyu na yi haka, a ta uku ƙwan nan ya fashe.

Washegarin fashewar, da hantsi, Baba ya ƙwanƙwasa ƙofata. Gashin tattabara ne a hannunsa, da busasshen jini a gindinsa.

"Bayan tanki na tsince shi," ya ce.

Na ce, "Iska ce ta kawo, Baba."

"Iska ce." Ya daɗe yana juya gashin a yatsunsa, sannan ya sa shi a aljihu. "Dalhatu, shekara ashirin da shidda ina buɗe ƙohwa ina ruhewa a garin ga. Ɗiyana huɗu sun girma ba ni nan. Ko sallama ba ni na koya musu ba, uwarsu Delou ta yi komi. Wagga dabba ita kaɗai na taɓa koya ma wani abu da hannuna."

Na sunkuyar da kai ina neman takalmin da ke ƙafata.

"Kwana goma sha bakwai sunka rage. Ƙirjina ba ya son jihwa yanzu. Ka zo ka riƙa jehwa mini."

Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Haka na riƙa hawa kullum bayan la'asar, ina jefa tsuntsun roba, shi yana zaune a tabarma ya jingina da bango. Ya koma da ita farko, kamar ranar da aka kawo ta. Yakan sa yatsunsa biyu a bakinta tare da ƙwan, in ta matsa ya ce "a'a, sannu," in ta sassauta ya shafa kunnenta. Yatsun duk suka yi sawun haƙori. A kwana huɗun farko ta fasa ƙwai tara. Rabilu ya ce gara a riƙa shimfiɗa kasko a ƙasa, ko ma samu na karin kumallo. Ran na bakwai ta fasa ɗaya. Daga ran na takwas ba ta ƙara ba.

Ina kallo yana gyara abin da na ɓata, kuma ko a lokacin ƙyashi bai sake ni ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda take kallonsa. Karnukan ubana tsoronsa suke ji, in ya ɗaga murya har fitsari suke saki. Wannan kuwa ko tari tsohon ya yi sai ta bar abin da take yi ta zo ta sa hanci a ƙirjinsa. Shi kuma kullum ƙara zubewa yake. Ƙafafunsa suka kumbura har silifas ta daina shiga. Ya daina saukowa masallaci, ni nake hau masa da abinci.

Ranar Laraba da safe, kafin in fita kai yara makaranta, ya ce in durƙusa kusa da shi.

"Yau kai za ka amsa. Kada ka hizge. Sa hannu ƙarƙashin haɓa, ka jira."

Ya busa usur, ta kawo ƙwan. Na sa hannu. Ta dube ni, ta kau da kai, ta miƙa wuya wajen tsohon. Sai da ya ɗora tafinsa a kan nawa sannan ta saki. Ƙwan ya sauka da ɗumi, ko tsaga babu.

"Za ta saba," ya ce. "Haƙuri taka so."

"Baba, tattabarar nan..."

"Tahi, yara na jiranka. Kada kafili ya yi hwaɗa."

Da na dawo bayan azahar, tun daga bakin titi na ji kukanta, wani dogon kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Na tarar da Rabilu a matakala, hularsa a hannu.

"Dalhatu, Baba ya cika."

Yana zaune yadda na bar shi, ya jingina da bango, usur a wuyansa, carbi ya zame daga hannunsa. Zuma ta kwanta a kan ƙafafunsa ta ƙi tashi. Da ƙyar na ja ta da igiya kafin masu ɗaukar gawa su shiga.

Takardu suka ci kwana uku. Ni na kira Delou a Tasawa, don sai da yardarta za a binne shi a nan. Ta yi salati ta yi kuka, ta ce a binne shi inda Allah ya karɓi abinsa. Can ta ce, "Kai ne Dalhatu? Kullum shina maganarka. Ya ce kai ka taimake shi da karyar." Na ce mata layin ba ya fita sosai. Ranar Asabar bayan la'asar muka sallace shi, muka kai shi. Dutse biyu aka kafa, babu suna, kamar kowa. Da muke kwashe kayansa na sami gashin tattabarar nan a aljihun rigarsa.

Juma'ar da ta biyo kafili ya zo. Ya yi mana ta'aziyya, ya ce Buraima mutum ne amintacce. Sannan ya ciro usur ɗin daga aljihu ya rataya mini a wuya.

"Yanzu taka ce. Ɗakin ma ka hau ka zauna. Yalla, mu gani."

Ga shi dai na samu. Karya, ɗaki, sabon mukayyif, tafiya sahara, duk abin da na kwana ina ƙullawa. Iskar sanyi ta fara kaɗawa, an shanya kaya a benayen maƙwabta. Na ajiye ƙwai a ƙarshen bene, na dawo na durƙusa kamar yadda ya koya mini. Na busa usur.

Zuma ta tafi da sauri, ta sunkuya ta ɗauka a hankali. Ta juyo ta nufo ni, na buɗe tafin hannu. Gashinta ya shafi gwiwata ta wuce. Ta je gindin bango, inda tabarmar Baba take a naɗe ba wanda ya ɗauke, ta zauna ta ɗaga haɓa.

"Masha Allah, bai fashe ba," in ji kafili. "Kira ta."

Na kira ta. Na ce kawo. Na ce kawo, ɗiyata. Kunnenta ɗaya ya motsa, amma ba ta waiwayo ba.

Tana nan zaune tana fuskantar bangon, ƙwan a bakinta lafiya lau, yawu yana ɗiga a kan tabarmar. Ni kuma ina durƙushe a bayanta, hannuna a buɗe.