Gwajin Juya Baya

A sashen kiɗa da waƙa na jami'ar, Zomanya kowa yake ce mata, saboda kunne. In ana rera waƙa wani ya kauce ko da ƙiris ne, kafin malami ya ɗaga kai ita ta riga ta yamutsa fuska. Har tsokanarta ake yi, wai ko sauro ne ya gifta sai ta gyara masa murya.

Abin da ba su sani ba, tun zazzaɓin da ya kwantar da ita lokacin hutu, kunnenta na hagu ya mutu murus. Na dama yana ji, amma komai a dunƙule yake zuwa mata, ba ta gane daga ina sauti ya fito. Likita ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce a jira a gani. Ita kuwa ina ta ga lokacin jira, gwaji ɗaya ya rage ta karɓi takardar shaidar zama malamar waƙa.

Yayarta ce kaɗai ta sani, telar da ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta riga ta rataye firam a bango saman keken ɗinkinta, ba komai a ciki, yana jiran takardar.

"Auta, ki gaya musu gaskiya mana," in ji ta. "Ciwo ai ba laifi ba ne."

"Haba Yaya, in ce musu me? Ga kurma tana son koyar da waƙa?"

Yayar ta ci gaba da taka keke.

A makarantar firamaren da aka tura ta koyarwar gwaji, Zomanya ta koma ji da ido. Tana kallon bakin yara da wuyansu, wanda ya ɗaga haɓa ta san ya haye, wanda ya sunkuyar ta san ya ɓace. Ba wanda ya gane. Amma tsoro bai bar ta ba, don ta san wadda za ta zo duba ta.

Mai Jan Biro ɗalibai suke kiran wannan malamar a bayan idonta. Tsohuwa ce siririya, ba ta faɗa, ba ta dariya, kuma tana da gwajinta da ba ta taɓa fasawa. Sai ta sa ɗalibi ya juya wa aji baya ya fuskanci allo. Ta raɗa wa yaro ɗaya cewa ya karkatar da muryarsa, a rera waƙa, sannan ɗalibi ya juyo ya nuna yaron. Cewa take yi malamin waƙa rabin rayuwarsa yana rubutu a allo, don haka dole ƙeyarsa ta zama tana da kunne.

Da safiyar ranar, Zomanya ta riga kowa shiga aji. Kusa da allo akwai kabad mai ƙofar gilashi inda ake ajiye ganguna da sarewa. Ta goge gilashin tas da gefen mayafinta, ta ɗan karkata ƙofar har bencina suka fito a ciki. Ta ji kunyar kanta ƙwarai, amma ba ta mayar da ƙofar ba.

Darasi ya tafi lafiya. Mai Jan Biro tana zaune a baya, biron yana kwance a cinyarta, ko taɓa shi ba ta yi ba. Wannan ya fi tayar wa Zomanya da hankali. Can tsohuwar ta miƙe.

"Malama, juya."

Ta juya. A cikin gilashi ta ga tsohuwar tana ratsa bencina a hankali, ta wuce wannan, ta wuce wancan, sannan ta sunkuya kan wata yarinya mai koren ribom, ta yi mata raɗa. Yarinyar ta gyaɗa kai.

Aka fara waƙa. Muryoyin suka taho mata a cure, ta kasa kunne iya ƙarfinta, ba ta tsinci komai ba sai bugun zuciyarta. Da suka kai ƙarshe ta ɗan jinkirta kamar mai tunani, ta juyo, ta nuna mai koren ribom.

"Ke ce, 'yata. Kin yi ƙasa a baiti na biyu."

Yarinyar ta zaro ido.

"Wallahi Malama ban yi waƙar ba. Cewa aka yi in riƙa motsa baki kawai."

Zomanya ta ɗaga kai. Ta nemi tsohuwar a bayan aji, ba ta nan. Sai ta lura yaran duk ba ita suke kallo ba, gefenta na hagu suke kallo, wasu sun rufe baki da hannu. Ta waiga. Mai Jan Biro tana tsaye dab da kafaɗarta, bakinta yana motsi, kuma da alama ta jima tana magana.

Tsohuwar ta daina. Ta kai hannu ta tura ƙofar kabad ɗin ta rufu. Ba fushi a fuskarta, abin da Zomanya ta gani tausayi ne, kuma da duka aka yi mata da ya fi mata sauƙi.

Sannan tsohuwar ta zagayo a hankali ta gabanta, ta tsaya a gefen dama, ta matso kusa yadda yara ba za su ji ba.

"Tun yaushe, 'yata?"