Hoton Wanda Ba A Ambata

Hantsi, a kan hanyar da ta baro Talek ta nufi rugar su Parsaloi, kuma tsohon ya sake faɗi. Ya sake faɗin sunan — haka kawai, kamar mai kiran akuya. Parsaloi yana riƙe da sitiyari, ba ya waiwaya. Ai ya gaya masa tun a masaukin baƙi, dalla-dalla: ƙanena ya rasu, mu ba ma kiran sunan wanda ya mutu da ƙuruciya, kar ka faɗe shi a gaban mahaifiyarmu. Tsohon Baturen, Mista Gerrit, ya gyaɗa kai. Baƙin nan suna da wannan gyaɗa kan... shi suke yi in ka ce kar a miƙa hannu waje, akwai zaki.

Ga abin can a kujerar baya, naɗe cikin takarda, faɗinsa ya kusa na ƙofar ɗakin Inna. Kyauta wai. Tun daga Holan ya rungumo shi. Hoton ƙanen ne, wanda ya ɗauka a zuwansa na baya. Ya ɗauki zaki, ya ɗauki ɓauna, ya ɗauki ungulu da kai cikin mushe, duk ba wanda ya mayar wa da hotonsa. Dabbobi sun huta. Sai Inna.

Rami. Da gangan Parsaloi ya faɗa shi. Kyamarar ta daki cikin tsohon, tsohon kuma dariya yake yi, yana cewa yaron nan ma haka yake tuƙa babur — ga sunan kuma. Ko faɗinsa bai iya ba. Yana karya shi a tsakiya kamar rake.

Yaron nan. Me ya sani game da yaron nan? Mai gyaran waya ne a Talek, shuɗiyar riga, ƙaurin dalma a yatsu, tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya kawo wa Inna sukari ne kawai, tsohon ya hango shi ya dafe ƙirji: fuska! wannan fuskar! Cire tabarau. Cire agogo. A aro jan mayafi, a aro mashi, ya tsaya da ƙafa ɗaya ya dubi nesa. Wace nesa? Mutumin da ba ya gane saniya da juji in ba gilashi. Yana tsaye yana layi, yana cewa ta gefen baki, “Yaya, gaya masa ya yi sauri, mashin nan ya fi ni sanin daji, tsoronsa nake ji.” Wa ya fassara cire tabarau, in ba Parsaloi ba? Aiki ne. Baki ne na haya, abin da aka zuba masa shi yake fitarwa.

Oba-oba tana ƙara. Mwangi ne, direban ɗaya motar. “Parsaloi, surukin giwaye, damisa tana bisa itace a mashigi. Kawo tsohon naka ya gani kafin ya cika.” Parsaloi ya kashe oba-obar. Yau tsohon ba ya son damisa. Yau ya samu naman da ba ya gudu.

Akwai ruwan sama a cikin sunan, a yarensu. Shi ya sa tun ranar da aka kawo labarin babur da tirela a hanyar Narok, Inna ta cire ruwan sama daga bakinta. Damina guda cur. Ana sheƙawa, rufin ɗaki yana yoyo, ita sai ta ce abin nan ya sauko, a shigar da maruƙa. Matan rugar duka sun bi ta. Macen da ta iya haƙura da sunan ruwa saboda kar... sannan wani ya taso daga ƙasar da ruwa ya ishe su, ya zo ya furta mata shi gaba ɗaya, a karye, yana murmushi?

Zai iya tsayawa. Ya ce taya ta yi faci. Gulbi ya cika, ba a hayewa. Ya sha yi wa baƙi haka in sun gundure shi, ba wanda ya taɓa ganewa. To me ya hana? Me ya sa ƙafar nan ba ta sauka daga totur?

Shingen ƙaya. Kashin shanu, hayaƙi, ƙuda. Inna tana zaune jikin bango, tana goge cikin goran madara da bakin itace mai garwashi. Tsohon yana sauka, kyamara tana lilo a ƙirjinsa, yana durƙusawa — gwiwoyinsa har ƙara suke — yana warware takardar a hankali, kamar mai buɗe miki. Parsaloi yana tsaye dab da kafaɗarsa. Bari bakin tsohon nan ya motsa kawai. Zai yi tari, zai daka wa kare tsawa, zai ture hoton cikin taɓo, in ta kama ya ture mutumin...

Ga shi. Ƙafa ɗaya, mashi, sararin sama ja a bayansa. Idanun nan tsirara, a ƙanƙance, suna neman abin da ba sa gani. Can a gefen leɓe kuma dariyar ce, wadda ya danne.

Inna ta ajiye gora. Tana kallo. Ba ta taɓa shi ba.

“Wannan mayafin kawunku Koikai ne,” in ji ta. Sai can: “Ina tabaransa? Haka kuka tsayar min da shi a rana, ba ya ganin komai?”

Tsohon ya rufe bakin kyamara da tafin hannu. Ya buɗe nasa. Yanzu. Yanzu ne.

“Ɗanki,” in ji shi, da ɗan yaren da ya haddace. “Ɗanki, Mama.”

Shi ke nan? Ya riƙe alkawari? Yau, a nan, ya ga damar zama mai hankali? Faɗa mana. Kai da ka cika mota da shi tun safe, faɗa... wa kuma ya rage? Damina guda ba bakin da ya fitar da shi sai wannan ruɓaɓɓen bakin, a karye ma, amma dai — shi ne. Kuma duk hanyar nan Parsaloi bai ce masa yi shiru ba. Ko sau ɗaya.

Inna ta jawo hoton, ta kifa shi a cinyarta, ta ɗora hannu a bayansa.

“Me ta ce?” in ji tsohon, yana ɗago kai.

Harshen Parsaloi yana manne a ganɗa, daidai wurin da sunan yake farawa. Tsohon yana durƙushe, yana jira.