Wa ke bin Zakariya?

Ba ni da salula, ƙanena Inuwa kuma tun da ya tafi Aljeriya bai taɓa kirana da lamba ɗaya sau biyu ba. Can wayar aro, nan Dungas wayar mai butik, wato mai kanti, murya kuwa kamar daga cikin rijiya. Shi ya sa kafin ya tafi muka yi shiri. Innarmu ta haifi goma sha ɗaya, shida sun koma tun suna goye. In ya kira, sai in ambaci sunan ɗaya, shi kuma ya faɗi wanda ke bi masa. Ba na maimaita suna, don mai butik ɗin nan kunnensa ya fi hannunsa aiki.

Ana dab da ruwan shuka aka aiko in zo waya. Wai Inuwa ne, ya faɗo daga gini ya karye, wani zai zo in ba shi sanmu na huɗa ya sayar a yi magani. Shi kaɗai gare mu, da shi muke noma gonar gado.

Na ce, "Wa ke bin Zakariya?"

Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Balkisu."

Balkisu kwana tara ta yi a duniya, maƙwabta ma sun manta an yi ta. Da hannuna na kwance san ina kuka, har da yi wa ɓarawon addu'ar sauka lafiya.

Bayan mako Inuwa ya kira, lafiyarsa lau, yana tambaya ko sa ya yi ƙiba. Na gwada shi da wani suna, ya ci. Sai na faɗa masa abin da ya faru.

Ya ce, "Yaya Tabawa, mutum ɗaya na gaya wa shirin nan. Yaya Mahamadu, a tasha, ko da wani abu zai same ki."

Na koma gida na tarar da Mahamadu, babban wanmu, a kan tabarmata yana cin tuwona, yana tsine wa ɓarayin zamani. Shi ne fa ya ɗauki Balkisu a hannunsa zuwa makabarta. Na tsaya ina kallon bakin nan yana tauna, ƙyamarsa ta hana ni ko sallama.

Ya suɗe yatsa ya ce, "Tabawa, babu ƙari?"